Sulon da Gwani Ya Saita

Gwani ake ce masa, kuma ba zolaya ba ce. Shekara talatin da huɗu yana gyaran injin zarto a shagon da ubansu ya bari, a kan benci ɗaya da ya sha baƙin mai har katakon ya ƙoshi. Da kunne yake aiki. In aka tada inji aka bar shi a sulo, wato yana ci a hankali ba a ba shi wuta ba, Gwani zai karkata kai ya ce iska ta yi yawa ko mai ya yi yawa, tun kafin a kwance noti ko guda. Shi ya koya wa ƙaninsa riƙon sukundireba. Amma ƙanin ne ya yi makaranta, shi ya iya magana da dillalai, don haka takardun shago da sunansa suke. Gwani bai taɓa kawo maganar ba, bai kuma taɓa mantawa da ita ba.

Abin da ya ɓoye shi ne kunnen ya fara tafiya. Injinan da ya yi wa bauta su suka cinye shi. Na hagu ya mutu murus, na dama kullum da ɗan kuka a ciki kamar na sauro. Matarsa ta sani, don sai ta taɓa kafaɗarsa yake juyowa. A shago ya koyi kallon baki da gyaɗa kai, yana sane da cewa ran da ƙanin ya gane, ran nan benci ya bar hannunsa.

Wata safiya Dogo, mai sassabe rassan bishiya a gidajen mutane, ya kawo ƙaramin zartonsa.

"Gwani, abokinka ya haukace. Ya hau, ya sauka, ya yi tari, ya mutu. Ina bisa reshe yake min haka!"

"Kai ne dai ba ka iya riƙonsa ba," in ji Gwani, ya karɓa.

Ya cire fulogi, ya same shi fari fat. Ya wanke matacin iska, ya zubar da tsohon mai ya haɗa sabo. Ya sa birkin da ke riƙe sarƙar yanka, ya tada injin, ya ɗora tafinsa a kan murfi yana jin yadda bugun ke hawa da sauka. Ya kwantar da injin a gefe, bugun ya canja. Iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Ya bi tiyon mai da ɗan yatsa har ya samo tsagar, siririya kamar gashi, dab da kafireto, inda mai da iska ke haɗuwa. Ya canja tiyon. Wannan ganowa, wallahi, ba kowane mai kunne biyu ne zai yi ta ba.

Saura saita sulo, shi kuwa hannu ba ya yi, sai kunne. Ya murɗa ɗan notin da ke saita sulon, bai ji komai ba. Ya ƙara, ya ƙara, har sautin ya ratso kukan sauron ya iso masa daidai yadda ya san shi tun yana saurayi. Ya ji daɗi har cikin ransa. Sakin birki a duba da ido ko sarƙa na motsi aikin masu koyo ne, shi bai taɓa bukatar haka ba. Bai yi ba yau ma.

Dogo ya tada injin a bakin ƙofa, ya saki birki, ya sauke injin gefen ƙafarsa yana wa mai walda na kusa magana. Sulon ya yi sama da yawa, sarƙar da ya kamata ta tsaya cak ta kama gudu. Ta ci wando, ta ci bakin takalmi, ta bar masa yanka a sangali. Allah Ya taƙaita, bai kai ƙashi ba.

Gwani bai ji ihun ba. Yana goge hannu, ya ba ƙofa baya, sai da ya ga mutane na gudu sannan ya juya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan an tafi da Dogo a ɗaure masa ƙafa, ƙanin ya sake tada injin, ya saurara bai fi daƙiƙa biyu ba, ya kashe. Mai walda da mai sayar da tayoyi suna tsaye a ƙofa. Ƙanin ya matso, ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ta gefen hagun Gwani ya tsaya.

Gwani ya gyaɗa kai. Ƙanin ya tsaya yana kallonsa, don abin da ya faɗa ba na gyaɗa kai ba ne.

"Me ka ce?" in ji Gwani.

Ƙanin ya maimaita. Bakinsa na kallon ƙasa, babu abin karantawa.

"Ɗaga murya mana!"

"Na ce, Yaya, daga gobe wasa haƙoran sarƙa kawai za ka riƙa yi!" Har mai tayoyi sai da ya kau da kai. "Kada ka ƙara taɓa kafireto a shagon nan!"

Gwani ya dubi sukundireban da ke hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya miƙa wa ƙanin, ƙanin ya karɓa.