Rijiyar da ba a ja da mutum ɗaya

'Yata da ke karatu a jami'a a Damagaram ta zo hutu, ta zana mini da'ira uku a ƙasa, kowace ta hau kan 'yar'uwarta. Wai wannan mace, wannan talaka, wannan baƙo, wanda ya faɗa tsakiya kuwa wahalarsa daban ce. Na ce, oho, ashe yanzu har wurin zamana ake karantawa!

Ni Buzuwa ce, na auri Bahaushe manomi a wani ƙauye kusa da Tarka. Da ya rasu ya bar mini 'yar tawa tana goye, da jaki, da saniya ɗaya mai ciki. Rijiyarmu zurfi gare ta. Sai mutum biyu: ɗaya ya kora jaki da igiya can nesa, ɗaya ya tsaya a baki ya tari guga ya zuba a kwami.

A rijiyar nan, safiya ta makiyaya ce. Da na fita takaba na je, wani dattijo cikin danginmu ya ce, “'Yar nan, kin bi manoma, kuma mace ba ta shiga layin maza.” La'asar ta matan gari ce. Babbarsu ta ce, “Haba ƙanwata, mu da tulu muka zo, dabba sai da safe.” Wallahi ba wanda ya zage ni. Da ma zagina suka yi, da na sami abin ramawa, don bakina ba ya ciwo.

Sai na koma zuwa da tsakar rana, lokacin da ba kowa. In kora jaki, guga ya fito, in sheƙo da gudu, kafin in iso jakin ya ja da baya, ruwan ya koma. Saniyar tana tsaye tana lasar busasshen kwami. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranakun nan ba. Har hira nake yi da jaki.

Kwana tara muna raba ruwan tuluna ni da saniyar. Da ƙashin bayanta ya fara fitowa, na kai wa dattijon nan ita, don shi yana da safiya.

A garkensa ta haihu. Kullum da hantsi nakan hango ta daga bakin danga tana sha har ta ƙoshi, ɗan maraƙin na gefenta. Ranar farko ta ɗago kai ta dube ni. Daga baya ta daina.