Wutar Maikano Mai Niƙa

Maikano mai injin niƙa bai taɓa cin galaba a kaina ba. Ranar da ya ce injinsa zai iya ba rabin Kiru wuta, na ce, "Kai ɗan nan, dawata ma sai ka maido min da ita tsaki-tsaki, wuta ce za ka iya?" Mata suka tuntsire da dariya. Ya buɗe baki zai rama, ƙurar gari ta shige, ya koma ciki yana tari.

Amma fa ja'irin ya haɗa. Ya samo tsohon janareta a Kano, ya ɗaura masa bel daga injin, ya ja waya zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan shagonsa. In wutar gwamnati na nan, ya yi niƙa. In an ɗauke, ya juya bel ya ba firjin allurar rigakafi wuta, tuwonmu ya jira.

Bazarar da ƙyanda ta shigo, wuta ta yi tafiyarta, man gas ya yi wuya. Mun binne yara, har da Audu ɗan Maikano. Saura jaririyarsa Hajara. Allurarta na cikin firjin nan, mai yin allurar kuwa sai jibi zai iso, kuma in allurar ta yi zafi ta tashi daga aiki.

Ana haka makunnin da ke raba wayarsa da ta gwamnati ya ƙone a haɗe. Wutar Maikano ta hau falwaya ta bazu unguwa. Yara na ihun an kawo wuta, kowa ya kunna fanka da rediyo. Inji ya fara shaƙewa, firji ya yi tsit.

Na ga Maikano da tsakar rana ba takalmi, gida-gida yana sallama. "Iya Tasalla, don girman Allah kashe fankarki." Na kashe, ban ko tsokane shi ba.

Ubale tela ne ya turje, yana guga. "Wutar gwamnati ce, ba ta gidanku ba!"

Hajara ta samu allurarta, don Ubale da kansa ya zare wayar dutsen gugarsa. Abin da Maikano ya faɗa masa bai fi haka ba:

"Ga gwamnatin nan tsaye a gabanka ba takalmi. Gama gugarka, Ubale. Sai ka auno likkafanin Hajara, bai kai tsawon na Audu da ka ɗinka ba."