Gwaggo Mai Jin Muryar Akushi

Kafin a hura wuta a gidan abincin da ke kallon shagon ɗinkina, Gwaggo ta riga ta zauna a bayan kicin, akusa goma sha tara a gabanta. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kara kunne. Wanda muryarsa ta dishe sai ta ware shi, ta ce yau yana hutu, ƙishin mai yake ji. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, kuma in ka tambayi aikinta, wanke-wanke kawai za a ce maka.

A wurinta ba a jiƙa akushi, ba a shanya shi a rana. Tana wankewa da ruwan ɗumi za ta goge da tsumma, ta jingina shi a inuwa don iska ta ratsa. Ranar da ciniki ya lafa sai ta fito da kwalbar man gyaɗa, ta bi kowanne da tafin hannu har ya yi baƙi siɗik yana sheƙi. Na taɓa tsokanarta cewa ko jikokinta ba sa samun irin wannan gata. Ta ce, "Jikokina suna da baki, Tela. Waɗannan in ban ji su ba, wa zai ji su?"

Babban cikinsu marigayi mahaifin mai gidan abincin, wato uwar ɗakin Gwaggo, ne ya sassaƙa, kuma shi kaɗai ya rage daga aikin hannunsa. Bara Gwaggo ta tafi jinyar 'yarta mako biyu. Uwar ɗakin ta ce za a yi tsafta ta gaske: ta zuba akusan a baho suka yini a ruwa, washegari ta jera su a tsakar rana. Babban ya tsage tun daga baki har kusan gindi. Mai girki ta shaida mini cewa uwar ɗakin ta sha kuka, ta tura shi bayan buhun gawayi, ta ce a sayo robobi, an gama da itace.

Gwaggo na dawowa ta duba, ta ce, "Ina babba?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Wallahi tsafta na so in yi."

"Tsafta? Haba 'yar nan, itace ne fa, ba zani ba. Share hawayenki ki ɗauko min shi."

Ta karɓo garin katako a wurin kafinta, ta kwaɓa da ƙaro, ta cike tsagar, ta ɗaure da igiya tam. Wata guda yana inuwa, ba mai taɓawa. Ranar da ta kwance igiyar har ni na bar keken ɗinkina na tsallako. Ta cika shi da ruwa, ta ɗaga sama, muka zuba ido. Ko ɗigo! Mai girki ta daka tsalle da ludayi a hannu, maganar robobi kuwa ta mutu a nan.

Gwaggo, ke ce tsohuwar zumar da ake magani da ita. Ke kika koya mana cewa abin da ya tsage ba lalle ya ƙare ba. Ina ƙaunarki don wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mun gode, Allah ya saka miki. Duk wanda aka damƙa wa ƙaramin aiki, ya riƙe shi yadda kika riƙe naki.

Makon jiya ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki. Ashe duk shekarun nan ba ta taɓa cin abinci a akusan ba, a murfin tukunya take ci. Ranar sallama aka zaunar da ita a bencin baƙi, aka zubo mata a babban. Ta cinye tas, amma ta ƙi sakin akushin, don ba ta san hannun da zai faɗa ba.

Uwar ɗakin ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. A gabanta ta wanke, ta goge, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kara kunne. Sannan ta ce, "Gwaggo, kamar yana son mai."

Gwaggo ta yi dariya, ta miƙa mata kwalbar. "To, yanzu zan iya tafiya gida."