Direban Kawu

Motoci da dama sun bi ta hannuna, har da wadda 'ya'yana suka haɗu suka saya mini bayan na yi ritaya, mai sanyi a ciki kamar randa. Amma in aka ce in zaɓi guda, farar nan zan zaɓa, wadda na saya ina malamin dabbobi a Kazaure. Kuma a duk cikinsu babu wadda ta ƙona mini rai kamarta. Ita dai baiwar Allah ba ta da laifi. Ƙirar Faransa ce mai dogon baya, giyarta a jikin sitiyari, murɗa ɗaya take tashi ko da ta kwana a ruwan sama. Laifin na mutanen da Allah ya haɗa ni da su ne.

Shekarar da kuɗin man fetur ya fara shigowa aka biya ma'aikata ariya, wato bashin ƙarin albashi, abokan aikina kowa ya ruga Kano, wani ya dawo da babur, wani da rediyo mai cin kaset. Ni na ce sai mota. Abin da na samu bai kai ba, don haka na nufi rugarmu da ke bayan duwatsun Roni, na roƙi Kawu ya sayar mini da shanuna. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Tun ina ƙarami mahaifina ya rasu, shi ya riƙe mu, shi ya yi kiwon karsanar da aka ba ni ranar suna har ta zama ɗan garke, ni kuwa ina can makaranta ina ta A da Ba. Da na faɗa masa buƙatata bai yi musu ba, ya ce to, ya kora su kasuwa. Da na san abin da wannan "to" ɗin ke ɗauke da shi, wallahi da keke na saya.

Ba don fankama na so mota ba. Inna tana da yaya da aka kai aure can wajen Babura tun kafin a haife ni, muna ce mata Inna Babba. Idonta ya tafi, kuma duk wanda ya zo daga can sai ya kawo saƙo iri ɗaya: tana son ta ji muryar ƙanwarta. Ita kuma Inna gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya hawa bayan babbar mota, balle a sauke ta a Kazaure ta sake neman wata. Na yi wa kaina alkawari ni zan kai ta, a cikin motata, a zaune kan kujera mai laushi. Wannan tafiya guda ita na sayar da shanuna dominta.

Ranar da na fara kai motar ruga, kowa ya fito. Kawu ya zagaya ta, ya daddanna taya da sandarsa, ya sa na buɗe gaba ya leƙa kamar mai duba haƙoran bijimi. Sannan ya gyara hula ya ce, "Madalla. Shanuna ne aka yi wa ƙafafun roba. Ka dai san ƙa'ida, ɗan boko: saniya taka ce, amma nono na mai kiwo ne." Aka yi dariya, ni ma na yi, don na ɗauka wasa yake yi.

Ashe da gaske yake. Tun daga ranar ban ƙara sanin hutun Asabar ba. Ranar kasuwar Gwiwa, Kawu na da dusa da kanwa da za a ɗauko. Wani amininsa ya yi rashi a Yankwashi, sai an je gaisuwa, kuma ba shi kaɗai ba, da duk dattijon da ke iya lanƙwasa ƙafa. An taɓa cusa mini maraƙi mai karyayyar ƙafa a baya, ya yi abin da maraƙi ke yi, na wanke har hannuna ya yi fari, warin bai bar motar ba sai da ta bar hannuna. Gidan gaba kuwa na Kawu ne, sandarsa a leƙe ta taga. In ya hangi wanda ya sani, ko a tsakiyar hawa muke, sai ya daki gaban motar ya ce, "Tsaya!" A gaisa, a tambayi gida, a tambayi shanu, a tambayi ruwan bana, a sake komawa kan gida, ni ina riƙe da birki, man fetur yana ƙonewa.

Abokan aikina masu mota suna da mafaka. In an dame su sai su ce ta ƙi tashi, ko tana wajen bakanike. Ni ina zan ga wannan gata? Motar nan ko tari ba ta yi. Na sha tsayawa a kanta da safe ina cewa a zuciyata, ke kuwa ko sau ɗaya ki yi mini rana ki lalace mana. Ina murɗa makulli sai ta amsa, lafiya lau, kamar da gayya.

Duk wannan da sauƙi, da a ce wadda na saye ta dominta ta shiga. Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take ce mini, in ta matsu ta ce "yaron nan". Ba ta kallon fuskata, ba ta zama inda na zauna, in da mutane a wurin sai ka rantse baƙon maƙwabta ne ni. Ranar da duk ruga ta kewaye motar, ita ƙwarya ta ɗauka ta yi bayan bukka. Na aika ƙanwata ta gaya mata ta shirya mu je Babura. Amsar da ta dawo ita ce, "A gaya wa wancan, ƙafata ba ta gaji ba tukuna." Ƙafar da kowa ke ganin yadda take jan ta!

Wata rana muna dawowa daga kasuwar Roni na hango ta a gefen hanya, ƙwarya a ka, tana ɗingishi cikin rana. Na tsaya, na fito, na buɗe ƙofar baya, na durƙusa na ce, "Inna, ku shiga in ƙarasa da ku." Matan da suke tare suka tsaya suna kallo. Sai ta saki hanya ta faɗa gonar wani, ta juya mini baya, ta tsaya tana kallon karan dawa kamar ita ta shuka shi. Ta ƙi motsi har sai da na ja mota. Kawu yana gidan gaba yana dariya har da share hawaye. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Jama'a, wace irin kunya ce wannan? Na ɗauki maraƙi, na ɗauki dusa, na ɗauki tsofaffin da ban san daga inda suka fito ba, amma uwar da ta haife ni ta gwammace ta taka ƙaya da a ce an gan ta tana jin daɗin abin ɗanta na fari.

Ana cikin haka, gab da faɗuwar damina, wani mai sayar da kanwa ya kawo labari cewa jikin Inna Babba ya yi nauyi, abinci ma sai an matsa mata. In ruwa ya sauka, rafin da ke tsakanin rugarmu da titi cika yake yi, mota ba ta ƙetarewa sai kaka. Na san in aka kai kaka, gaisuwar mutuwa za mu je. Na sami Kawu a gindin tsamiya yana tufka igiya, na zauna, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa babba ba.

"Kawu, ku gafarce ni, amma na gaji. Tafiya guda na sayar da shanuna dominta. Ku kun zaga duniya a motar nan, wadda aka saya don ita ko ƙofar ba ta taɓa ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shanunka? Har yanzu kana nan kana cewa motata, motata? Ashe boko cinye hankali yake yi. Kai da kake ta shela taka ce, ta ina za ta shiga? Ka zo ran Asabar da sassafe. Kada ka sa babbar riga, kuma ka baro bakinka a Kazaure."

Na zo, ba don na gane ba, sai don ba ni da wata dabara. Kawu ya fito cikin rigar da yake zuwa idi da ita, ya miƙo hannu na ba shi makulli, shi da ko keke bai iya hawa ba. Ya tsaya a tsakiyar ruga yana kaɗa shi, ya ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

"Yau Babura na nufa a motata, zan gaida babbar yayarmu. Yaya, ko za ki raka ni? Direban nan nawa ba shi da hira, kada barci ya ɗauke ni a hanya."

Mata suka rufe baki da mayafi. Daga cikin bukka muryar Inna ta fito, a natse: "To, tunda motarka ce, ai ba na ƙi ba." Kafin in rufe bakina da ya saki, ga ta ta fito da ƙullin kayanta, da kwalbar man shanu, da ƙwaryar fura an rufe da faifai. Ba a ɗaure irin wannan ƙulli a ɗan lokacin nan. Daga baya ƙanwata ta ce mini tun makon da motar ta zo yake ajiye a ƙarƙashin gado. Inna ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa ta riƙe a hannu, ta shiga ta zauna daidai bayana, inda ko a madubi ba na ganin komai sai gefen mayafinta.

Wannan tafiya ba zan manta da ita ba, don ban taɓa shan wulaƙanci irin na ranar ba. Inna ba ta yi mini magana ko sau ɗaya ba, sai ta bi ta wajen mai mota. "Ka ce wa direbanka ya rage gudu." Kawu ya juyo ya ce, "Direba, ka ji ko? Ko so kake in sallame ka?" A Kazaure ya sa na tsaya in sayo masa goro, kuma sai da ya bari akawun ofishinmu ya zo wucewa sannan ya leƙo ta taga ya ƙwala, "Direba, fari nake so, ban da ja!" An yi wata ana kirana da sunan a wurin aiki.

Da muka saki kwalta muka kama hanyar Babura, rairayi ya fara. Muka tarar da wata babbar mota ta kafe, fasinjoji sun sauka suna tura ganye ƙarƙashin taya. Na sa giya ta biyu, na riƙe numfashi, farar nan ta ratsa ta gefe tana lilo, ba ta ko yi gardama ba. Inna ta ce, "Kai, motar nan taka akwai ƙarfi." Kawu ya shafa gemu ya ce, "Ai na iya zaɓe, Yaya." Saura kaɗan in ciji sitiyari.

Mun isa kafin azahar. Ina jiyo kukan tsofaffin biyu daga cikin gida, amma ban gani ba, don direba a waje yake tsayawa. Har tuwo aka aiko mini da shi a ƙofar gida, "na direba". Na gaida Inna Babba daga baya, a gurguje, sannan na koma wajen motar. Bayan la'asar Kawu ya zarce hira a ƙofar masallaci, ni kuwa na shimfiɗa tabarma a inuwar motar ta ɓangaren da ba ya kallon gida, na kishingiɗa ina ta ƙunƙuni ni kaɗai.

Sai na ji tafiya a hankali, ta mutum biyu. Ta ƙarƙashin mota na ga ƙafafun Inna da na yayarta. Ta riƙo ta ne har waje, suna zaton na bi Kawu. Na ji tafin hannu yana bin jikin ƙarfe.

"Adda, shafa ki ji. Nan gaba ne. Bi ta nan, kin ji tsawonta? Fara ce tas."

"Ikon Allah. Ashe ƙanenmu ya yi arziki haka."

"Wa? Shi ina ya ga mota? Surutu dai ya iya." Ta rage murya. "Ta wancan ce. Don ya kawo ni wurinki ya saya."

Inna Babba ta ambaci sunana, ta ce shi kike nufi? Inna ta ce, "Ke kika faɗa." Suka yi dariya ƙasa-ƙasa kamar 'yan mata. Ni kuwa ina kwance, cinnaka ya samu ƙafata yana ta aiki, ban isa in motsa ba, don na san in ta gane na ji, da ƙafa za ta koma Roni. Hawaye na bin kunnena, ina jin haushi kuma ina jin daɗi. Maganar da na shekara ina jira, sai a bayan mota zan tsince ta kamar ɓarawo.

Inna Babba ba ta ga kakar wannan shekara ba. Motar ta daɗe a hannuna bayan haka, Kawu bai fasa tatsar nononsa ba ko na mako guda, Inna kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa shiga ba sai yana gidan gaba.

Amma a hanyarmu ta dawowa ran nan, mun kusa Kazaure rana ta yi ja, na ji motsin faifai a bayana. Inna ta miƙo ƙwaryar fura ta tsakanin kujeru ta ce, "Ka ce wa direbanka ya tsaya ya sha. Tun safe yake aiki, kuma yaron kirki ne." Na gangara gefen titi na kashe mota. Kawu ya karɓi ƙwaryar, ya yi bisimilla, ya kafa kai, sai da ya shanye fiye da rabi sannan ya miƙo mini sauran.