Ranar da Sista Safiatu Ta Ce a Kaɗa Mata

Idan ka taɓa shiga bas ɗin da ke kwasar ma'aikatan filin jirgi zuwa unguwar Jamaica ta Queens a New York, mai yiwuwa Wahab ne ya tuƙa ka. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, ba ya son surutu, kuma in ka yi masa magana ta hagu sai ya juyo maka da kunnen dama, don na hagun ya daɗe da yin ritaya. Ana tsayawa a danja sai yatsunsa su kama bugun sitiyari, ƙafarsa tana taya su daga ƙasa. Fasinjoji suna ɗauka gajen haƙuri ne. Ba su san mutumin nan ya yi shekaru yana kaɗa wa samari masu dogon gashi ganga har suna faɗawa kan juna ba.

A Nima ta Accra aka haife shi, auta a gidan wani mai sayar da atamfa. Uwarsu ta rasu bai fara tafiya ba, don haka yayarsa Safiatu ce ta goya shi, ta yaye shi, ta dake shi in ta kama. Da aure ya kawo ta New York ta kama aikin jinyar tsofaffi, hankalinta bai kwanta ba sai da ta jawo shi. Ya iso a tsakiyar shekarun tamanin, saurayi ɗan sha shida mai dogon wuya, aka shimfiɗa masa katifa a falonta a wani dogon bene a unguwar Soundview ta Bronx.

Wata Asabar ta aike shi ɗakin ƙasa da kwandon wanki. Yana sauka ya ji rugugi na fitowa daga bayan wata ƙofar ƙarfe, har bututun ruwa suna rawa. Ya tabbata tukunyar ɗumama gidan ce za ta fashe. Ya tura ƙofar da niyyar ceton rai, sai ya tarar da Hector, ɗan mai kula da gidan, ɗan asalin Puerto Rico, rataye da gita, shi da abokansa suna kaɗa kai kamar ƙadangaru. A bayansu wani ƙaton yaro na zaune a tsakiyar ganguna da fayafayan tagulla, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Wahab ya ajiye kwandon ya tsaya. Ranar zannuwan Sista Safiatu ba su ga sabulu ba, shi kuwa ya sha faɗa har kunnensa ya yi zafi.

Sunan kiɗan thrash metal. Wanda bai taɓa ji ba ya ɗauka an tara maƙera da masu injin niƙa a ɗaki guda an ce kowa ya yi sauri. Amma Wahab, da tun zuwansa garin yake tafiya a raɓe kamar baƙo a gidan suruki, ya ji a cikin hayaniyar nan akwai wuri da ya yi daidai da shi. Da ƙaton yaron ya tafi aikin soja, kujerar ganga ta zama babu kowa, sai ya hau. Hannu bai ba shi wuya ba, wanda ya taso yana bugun gwangwanin madara a lungunan Nima. Ƙafafun ne suka ci masa lokaci, don feda biyu ake takawa a kan babbar gangar ƙasa, dama da hagu, da gudun da ido ba ya iya bi.

Hector ne ya koya masa dokar sana'ar. Ya ce a wannan kiɗa mai ganga ba ya duban kowa. Ka sunkuyar da kai, ka riƙe gudunka, wanda ya faɗi ya tashi ya biyo ka. In ka tsaya jiran mutum ɗaya, duka kun watse. Wahab ya riƙe wannan magana gam, kuma ita ta sa aka san shi.

Ƙungiyar tasu tana da suna, amma ba irin wanda ake faɗa a gaban manya ba ne. Sun yi wasa a gidajen rawa na Brooklyn da Queens inda gumi ke ɗiga daga rufi. Sun yi kaset, daga baya suka yi faifai ɗaya tal, wanda har yau akan samu wani mai tumbi da sanƙo ya zo yana rantsuwa shi ya raya shi a ƙuruciya. Sun yi yawo a wata tsohuwar mota mai tari har Ohio da Michigan, ana kwana a kan akwatunan kaya. Shi kaɗai ne baƙin mutum a yawancin wuraren, shi kaɗai ne mai shimfiɗa kwali a bayan gidan mai ya yi salla, Hector na tsaye yana gadin takalmansa. Kuma tunda ba ya shan giya, tuƙi ya zama nasa har abada. Yakan ce ƙungiyar ta koya masa sana'a biyu, ɗaya ta ba shi daɗi, ɗaya ta ba shi tuwo.

Sista Safiatu ba ta taɓa hana shi ba, kuma ba ta taɓa zuwa ba. Magana ɗaya ta yi masa tun farko, tana tuƙa tuwo ba ta ko ɗago ba: "Wahabu, gidanmu ba makaɗa koraa, ko ɗaya. Baba bai taɓa riƙe sanda ya bi mutane yana roƙo ba." Ya yi ta bayanin cewa wannan ba kiɗan roƙo ba ne, babu wanda ake wasawa. Ta ce to in ba a wasa kowa, ihun na mene ne? Baƙaƙen rigunansa masu hoton ƙoƙon kai takan wanke su, amma sai ta juya cikinsu waje ta shanya a banɗaki don kada maƙwabta su gani. In matan masallacin unguwar Tremont suka tambayi aikin ƙanenta, sai ta ce direba ne. Duk sanda za su yi wasa a cikin gari yakan gaya mata, ita kuma ta ce Allah ya tsare hanya ta ci gaba da abin da take yi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai taɓa gaya wa ko Hector ba. Ɗaruruwan mutane na kiran sunansa, shi kuwa idonsa na bakin ƙofa kafin a fara, ko Allah zai sa ya hango ɗankwali.

Sai zamani ya juya, yadda ya saba ba tare da sallama ba. A shekarun casa'in samari suka koma wani kiɗan, wuraren wasan suka zama kantin katifa da wurin motsa jiki. Mai waƙar ƙungiyar ya aske gashi ya koma sayar da inshora. Hector ya yi ƙaura zuwa Florida, can ciwon zuciya ya ɗauke shi. Wahab ya yi aure, ya koma unguwar Jamaica ya kama tuƙin bas, ƙaryar Sista ta zama gaskiya. Gangunan suna nan a bayan garejin wani bakanike abokinsa, ya lulluɓe su da bargo. Ran Lahadi yakan je ya yaye bargon, ya kaɗa wa tsofaffin tayoyi waƙoƙin da babu sauran mai tuna baitinsu sai shi.

Bara Sista Safiatu ta ce ta gaji. Gwiwoyinta sun ƙare a ɗaga tsofaffin wasu, ta gina ɗakunanta a Accra, kuma da zarar ta aurar da autarta Nuriyya za ta koma gida gaba ɗaya. Wahab ya kai mata ziyara ya same ta cikin akwatuna. Suna cikin maganar masu girki da zauren da aka kama a Tremont, sai ta ce, ba ta dube shi ba:

"Bikin nan kai za ka buga mini."

Ya juyo da kunnen dama. "Sista, me kika ce?"

"Ka ji ni sarai. Souley ya buga ma yara kalangunshi. Amma in uwar amarya za ta fita floor ta taka rawa, kai nake so."

Souley ɗan Nijar ne da ya riƙe bukukuwan Bronx shekara da shekaru. Wahab ya so ya tambaye ta me ya canja, amma ya san yayarsa, in ka tambaye ta dalili sai ta fasa. Ya ce to.

Ya shirya yadda ya iya shiri. Ya samo bidiyon wani bikin Zongo, irin na unguwarsu Nima, a waya, ya auna gudun kiɗan, ya sa 'yar na'urar nan mai ƙyas-ƙyas a kunne wadda makaɗan irinsu ke bi don kada su kauce. Ya raba aikin kalangu da gangar gindi tsakanin hannuwansa da ƙafafunsa, ya yi ta maimaitawa har ya zauna masa daram. Bai tambayi Souley komai ba. Mutumin da ya yi wasa a Detroit zai je koyon kiɗan biki?

Ranar Lahadi bayan la'asar zauren ya cika da leshi da ƙamshin turare da wake da shinkafa. Yara suka kewaye gangunan suna tambayarsa da Turanci ko da gaske Uncle ya iya. Souley ya gama zagayensa ya ja gefe, mai sanarwa ta kira uwar amarya. Sista Safiatu ta miƙa wa wata sandar da take dogarawa, ta tako tsakiyar fili cikin farin leshi, mata suka yi mata da'ira suna guɗa. Wahab ya haɗa sanduna, ya sunkuyar da kai, ya fara.

Kiɗan ya fita tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Sai dai gudun na bidiyon ne, inda 'yan mata masu jini a jika ke rawa, kuma da daɗi ya kama shi ƙafafun suka ƙara wuta da kansu. Bai gani ba, don bai ɗago ba. Abin da ya farkar da shi guɗar ce da ta ɗauke. Ya ɗaga ido ya ga yayarsa tsaye cik a tsakiyar fili, hannu ɗaya dafe da gwiwa, tana haki, matan kuma sun rasa inda za su sa ido. Nuriyya ta taso daga kujerar amare za ta kama ta. Kunya ta rufe Wahab tun daga kai har ƙafa, sandunan suka tsaya a sama.

Sista ta ɗaga wa 'yarta hannu ta koma. Ta dube shi, ta ɗan ɗage leshinta har idon sawu.

"Wahabu, ina kake gudu? Dubi ƙafata."

A bikin Zongo mai rawa ce ke gaba. Makaɗi yana kallon sawunta ne, in ta ɗaga ya jira, in ta sauke ya sauke mata. Kowane yaro a Nima ya san haka, shi ma ya taɓa sani. Ya zuba wa ƙafar nan mai kumburi ido. Ta ɗaga ta a hankali, ya jira, ta taɓa ƙasa ya buga. Ta ɗaga ɗayar. Bai taɓa yin kiɗa mai wuya irin wannan ba, ƙafafunsa sai neman zarcewa suke. Da kaɗan-kaɗan kafaɗunta suka shiga, Souley ya matso ya sa kalangu a ƙarƙashi ba tare da an ce masa ba, guɗa ta dawo. Ta zaga filin nan a tsanake, tana taku irin na matan da suka san su waye su.

Gab da magariba mutane suka watse, masu shara suka fara naɗe kujeru. Wahab yana kwance fayafayan tagulla sai ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta tuɓe takalma.

"Wannan ne abin da kake yi duk shekarun nan?"

"A'a, Sista. Wancan daban ne."

"To buga wancan in ji."

Ya ce zai dame ta. Ta ce ai ya daɗe yana damunta. Ya mayar da fayafayan, ya zauna, ya ɗauko waƙar da suke rufe wasa da ita, shi da Hector. Zauren ya ɗauka. Masu shara suka saki tsintsiya, gilasan taga suka kama kaɗawa, Sista ta cusa yatsu a kunnuwa biyu ta yamutsa fuska. Amma ba ta ɗauke ido daga kansa ba har ya kai ƙarshe, ya saki sandunan yana jiƙe sharkaf.

Ta zare yatsunta. "Wannan ba kiɗa ba ne, chale ƙanena, faɗa ne. Ban ji daɗinshi ba ko kaɗan."

Ya yi dariya yana share gumi.

"Amma tun da ka fara kake murmushi," in ji ta. "Ni na goya ka, ban san kana da wannan fuska ba. Baƙi sun yi ta gani shekara da shekaru, ni ina gida ina kumburi." Ta goge ido da gefen mayafi, ta yi tsaki don ta kore kukan. Jirginta saura kwana kaɗan, su biyun sun sani.

Ta gyara zama, ta ɗora hannuwanta a kan cinya.

"Sake daga farko. Yanzu ba zan toshe kunne ba."