Baba Wata-Rana da Murfin Zarto

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin da ma'aikatan masana'antar katako suka sani da Baba Wata-Rana a shekarar 1949, a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuma tela. Ya shiga firamare a 1956, daga nan ya zarce makarantar koyon sana'a, inda ya kammala a 1967 da shaidar ƙwarewa a kan injinan yanka katako.

Aiki

Ya kama aiki a masana'antar a 1968, kuma a 1977 aka ɗora masa shugabancin sashen zarto. Kowane injin zarto yana da murfin ƙarfe da ke kare hannu daga haƙoransa, amma yana rage sauri, saboda haka ma'aikata sukan kwance shi su jingine a bango. Allunan gargaɗi da dakatarwa daga aiki duk sun gaza, kusan kowace shekara sai wani ya rasa yatsa.

Marigayin ya canza hanya. Kowace safiya kafin a kunna inji yakan tara su ya ba da labari, ya buɗe da “wata rana”, inda laƙabinsa ya samo asali. Ginin labarin ɗaya ne: mutum, burinsa, sannan abin da ya gitta tsakaninsu. Bai taɓa farawa da jini ba. Yakan fara da kafintan da ke son haɗa wa 'yarsa gadon aure da hannunsa, lokaci ya ƙure masa, ya kai hannu zai kwance murfi. A nan yake tsayawa ya tambayi ɗaya daga cikin ma'aikatan abin da zai yi in da shi ne kafintan. Sharuɗɗansa biyu: manaja ba ya zama gwarzon labari, kuma ba a ba da labarin raunin mutum sai da izininsa. An ruwaito cewa wani ya taɓa ce masa, “Baba, wannan kafintan naka kullum aurar da 'ya yake yi, wai su nawa ne?” Ya ce, “Goma ne, kamar yatsunka. So nake a aurar da su duka.” Daga 1979 zuwa 1994 babu wanda zarto ya taɓa a sashen.

Aure da Iyali

Ya auri wata malamar firamare a 1972, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Na biyu, wanda ake kira Guguwa saboda saurin hannunsa, ya shiga sashen mahaifinsa a 1993. Ya tashi da labaran nan tun yana rarrafe, ya san inda kowanne zai tsaya, yakan ƙarasa su da baki tun kafin a kai. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. A 1995 ya kwance murfin injinsa don ya riga abokan aiki gama oda, zarto ya ɗauke masa yatsu uku na hannun dama. Mahaifiyarsa ta ce wa mijinta a asibiti, “Ka iya sa ƙarti arba'in su ji magana, naka ɗaya ya gagare ka.”

Shekarun Ƙarshe

Hukumar masana'anta ta nemi ya riƙa ba da labarin ɗan nasa don ya zama izina. Ya ƙi, domin Guguwa bai ba da izini ba, shi kuma bai nema ba. Ma'aikata suka soma cewa shi mai maganin da bai warkar da gidansa ba ne, taron safe ya ragu, murafu suka koma jikin bango. Ya ci gaba da labarinsa ga waɗanda suka tsaya har ya yi ritaya a 2004.

Rasuwa

Ya rasu a 2013 bayan doguwar jinya, aka yi jana'izarsa a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar unguwa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar, ma'aikaciyar jinya, ta uku, lauya, auta, direban babbar mota, da Guguwa, shugaban sashen zarto na yanzu, wanda tun makon da ya biyo bayan jana'izar yake tara ma'aikata da safe ya ba da labarin kansa, ya tsaya a inda ya kai hannu ga murfi, sannan ya ɗaga hannun su gani. Allah ya jiƙan marigayin.