Ramin Wankan Baturen Kudan

Jama'a, yau mun cike rami mun samu wanda ya fi shi!

Kun san ramin wankan nan na siminti da tsohon Bature ya sa muka haƙa a bayan barikin Kudan? To, sabon da aka kawo daga Jos ya faɗa ciki da sassafe, wai ko sanyin kan dutsen Jos bai taɓa damunsa ba. Ya fito yana makyarkyata! Nan take ya ce a cike shi.

Dogari ya kwaso mu goma daga Likoro. Dawata na gona a yanke, tsuntsaye na ta biki.

Na tambayi Tanko helma, shugaban aikin, "Ƙasar fa, daga ina?"

Ya ce, "Kafin la'asar aka ce. Ka ga jakunan da za su ɗauko ta daga nesa a nan?"

Sai muka haƙi ƙasa a bayan danga. Ruwan da muka kwashe daga ramin wankan kuwa duk ya gangara can!

Da la'asar Bature ya fito lulluɓe da bargo. Ya ga rami ya cike, ya yi murmushi. Ya leƙa bayan danga. Kududdufi! Har agwagin kukunsa sun shiga.

Ya yi ta zuba Turanci. Tafinta ya ce, "Wai a cike wannan ma."

Tanko ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, da wace ƙasa?"

Bature ya duba, ya duba, ya nuna wadda muka zuba.

Gobe za mu tono masa ramin wankansa. Dawata kuwa, tsuntsaye, a ci lafiya!